Daminar da Hancina Ya Rufe

Kwana biyu kacal na ba maganin feshin hancin da likita ya rubuta mini. Da na ga bai yi komai ba, sai na cilla shi bayan akwatin Kaka. Wannan ita ce wautar, kuma na fara da ita ne don kada wani ya riga ni faɗa, domin a layinmu na Agege ko akuya ta san labarin, ita ma in ta samu mai saurare ƙara masa gishiri take yi.

Shekaruna goma sha bakwai, shida daga ciki a sana'ar turare na yi su. 'Yan ajinmu da ke cewa aikina bai wuce a juye wannan kwalba cikin waccan a girgiza ba, da ku nake. Shagon na Kaka ne, mahaifiyar babana, wadda aka kawo daga Maiduguri tana amarya ba ta sake komawa ba. Ɗaki ne guda a bakin zaurenmu, kusa da layin dogo, in jirgi ya zo wucewa sai ka ji kwalabe suna gaisawa da juna. Humra muke haɗawa da turaren wuta. Ita tana kirana angonta, ni ina kiranta amarya, duk da haƙoranta na gaba sun daɗe da yin ritaya.

Aikin farko da ta sa ni shi ne wankin farce. Farce wani ɓawo ne na dabbar teku, kamar farcen mutum, shi ne ƙashin bayan humra. In ya zo ɗanye, warinsa zai iya korar mahauta daga abatuwa. Sai a jiƙa shi, a kankare naman da ya maƙale a jikinsa da 'yar wuƙa, ɗaya bayan ɗaya, a shanya, sannan a soya cikin yashi mai zafi. Ido ba ya gane ya soyu. Hanci ne ke ganewa, akwai wani lokaci da warin ke juyawa ya zama ƙamshi, in ka ƙara numfashi goma bayan nan ka ƙona shi. Shekara guda na yi ina kankara kafin ta bar ni na riƙe ludayin suya.

Kayan aikin ba su da yawa: turmin ƙarfe, rariya, mazurari, sirinjin awo, kasko, da tukunya guda da ba a taɓa dafa abinci a ciki ba. Sai kwalaben man turare, arba'in da 'yan kai, duk baƙaƙe, duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Kaka ba ta karanta boko, don haka ba ta liƙa takarda. Zare take ɗaura wa kowace a wuya. Ja na miski, kore na sandal, baƙi mai ƙulli biyu na ambar, haka har ƙarshen kanta.

Shekara uku da suka wuce hancinta ya fara tafiya, tsufa ya cinye shi a hankali. Sai aikin ya rabu biyu, kan nata, hancin nawa. Ita ke faɗin abin da za a zuba, ni ke sunsunawa in ce ya yi ko da saura. Kuma hancin nawa, ba yabon kai ba, daga ƙofar gida nakan gane maƙwabciyarmu ta manta daddawa a miya. Mata suka fara zuwa kallo, ana ɗaure mini ido da ɗankwali ana miƙo kwalba ina faɗin sunanta. Wata rana wata ta ce ai zaren nake lalubawa da yatsa. Da yamma na ɗauki reza na bi kwalaben nan kaf na yanke musu zare. Kaka ta yi faɗa har ta gaji. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, tana da ni me za ta yi da zare.

Sai daminar bara ta zo. Kwanon ɗakinmu ya fara yoyo, bango ya yi baƙi da fumfuna, katifata kullum kamar an yayyafa mata ruwa. Na fara tashi da atishawa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, jere take zuwa kamar tsohon janareta, har liman ya riƙa ɗaga murya a sallar asuba saboda ni. Ido na ƙaiƙayi, hanci na zuba kamar famfon da ya lalace. Babana ya kai ni asibiti. Likita ya leƙa hancin ya ce ba mura ba ce, alaji ne, jikina ne ke faɗa da ƙurar katifa da fumfunar bango, cikin hancin ya kumbura. Ya rubuta maganin feshi mai siteroyid, muka saya a kemis ɗin Anti Ladi, wata 'yar Kafanchan da ke bakin titi. Ta tsaya tana yi mini bayani tiryan-tiryan, ni kuwa ina danna waya. Abin da kawai na ɗauka shi ne siteroyid, na fara lissafin nan da sati zan yi ƙwanji irin na 'yan dakon kasuwar Mile 12.

Na yi amfani da shi kamar yadda mai turare ke yi da komai. Na ɗaga kai sama, na fesa, na shaƙa da duk ƙarfina har ɗaci ya sauko mini maƙogwaro. Na jira. Shiru. Washegari ma shiru, hanci bai buɗe ba, ƙwanji bai fito ba. Shi ne ya tafi bayan akwati.

A cikin danfo, motar haya, na haɗu da wanda ya ƙarasa ni. Wani mai tallar magani ne ya miƙe yana zuba Yarbanci da Turancin buroka, ya ɗaga wata 'yar kwalba ya ce ko siminti ne a hancinka minti ɗaya ya ishe ta. Na saya. Wallahi bai yi ƙarya ba. Kafin mu kai Oshodi na ji iska tana ratsa ni har ƙeya, na ji ƙamshin gasasshen masara, na ji hammatar kwandasta, duk na yi musu maraba. Sati na farko sau biyu nake fesawa a rana. Na biyu sau biyar. A na uku duk bayan awa biyu, kuma ko na fesa hancin ba ya motsi, ya cushe kamar hanyar Ikorodu ranar Litinin. Ƙamshi ya ɗauke gaba ɗaya. Tuwo da sabulu duk ɗaya a wurina.

Ban faɗa wa kowa ba. Na san wurin zaman kowace kwalba a kan kanta, da haka na riƙa lallaɓawa. Sai wata Laraba na dawo daga makaranta na tarar yoyo ya kai kan kantar, Kaka ta sauke kwalaben duka ta goge, ta mayar da su yadda hannunta ya ga dama. Na tsaya ina kallonsu, suna kallona.

Kwana biyu bayan haka Alhaja Risikatu ta zo. Bayarabiya ce mai sana'ar fata a abatuwa, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Ta zauna, ta kwance wani hankici, ta fito da 'yar kwalba mai tsawon ɗan yatsa. Humrar da Kaka ta haɗa mata ce lokacin aurenta, shekara talatin ke nan, ta yi ta tattalinta, musamman bayan rasuwar mijin. Abin da ya rage ko gindin kwalbar bai rufe ba. 'Yarta ta fari za ta yi aure nan da sati biyar, kuma irin wannan take so ta shiga ɗaki da ita, ba mai kama da ita ba.

Kaka ba ta taɓa rubuta haɗi ba, kowace amarya da hanci take yi mata nata. Ta ce ba ta iya tuna abin da ta zuba, amma Alhaja ta sa ranta a inuwa, angonta zai karanta kwalbar kamar wasiƙa. A gabana ta ɗauki alkawarin. Ta tsoma tsinke ta ɗiga mini a bayan hannu.

Na kai hanci. Babu komai. Kamar na sunsuni gilashin taga.

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Maimakon haka na lumshe ido, na gyaɗa kai kamar malamin da ya gano aljani, na ce akwai sandal, akwai farce, akwai miski. Wace humra ce babu su? Alhaja ta ce sai me kuma. Na ce a ƙara mini ɗigo. Aka ƙara. Na sake neman wani. Na ga idonta yana bin tsinken daga kwalba zuwa hannuna, leɓenta na motsi. Na ce sai na zauna da shi a natse. Ta bar kwalbar amana a hannun Kaka ta tafi. Bayan fitarta na faki ido, na cika hancina da maganin danfo, na sake ɗiga biyu. Ɗigo biyar ke nan na shafe a fatar da ba ta san me aka sa mata ba.

Humra kuwa ba a haɗa ta yau a bayar gobe. Sai ta kwanta wata guda a rufe, ana girgiza ta lokaci-lokaci, kafin kayan su saba da juna. Sati guda ke nan muke da shi na haɗi.

Suyar farce ce ta tona ni. Ina gaban murhu ina juyawa, Kaka na gefe tana tsince kanumfari, hira muke abinmu. Sai ga maƙwabciyarmu ta faɗo shagon toshe da hanci, tana tambaya ko taya muke ƙonawa. Na duba yashi, farcen ya zama gawayi. Mu biyu muna zaune a tsakiyar ƙaurin da ya tayar da rabin layi, babu wanda ya ji.

Kaka ta sallami matar. Ta shiga ciki ta dawo da 'yar auduga, ta miƙo mini.

"Ango, wannan wanne ne?"

Na sunsuna na ce sandal ne, amma ba mai kyau ba.

"Kananzir ne," in ji ta.

Da ta yi faɗa da na ji daɗi. Sai ta zauna, ta dubi kantar kwalaben nan marasa zare, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta tambaye ni ɗigo nawa na ci wa baiwar Allah. Na ce uku. Ta ci gaba da kallona. Na ce biyar. Ta ɗauki kwalbar Alhaja ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce in je in zaro abin da na jefa bayan akwatinta, ta ji faɗuwarsa tun ranar.

Da na je kemis, Anti Ladi ta jera kwalaben biyu a kan teburinta, na likita da na danfo. Ta ɗaga na danfon ta ce wannan matse jijiyoyin hanci yake yi, shi ya sa yake buɗewa nan take, amma 'yan kwanaki kawai aka yarda a yi da shi. In an zarce, duk sanda ya sake ka sai hancin ya kumbura fiye da da, ka ƙara, ya ƙara. Ta jefa shi cikin durowa ta murɗa mukulli. Na likitan kuwa kumburin yake kwantarwa a hankali, sai an yi ta yi kullum, ko an ji sauƙi ko ba a ji ba, kuma ba ruwansa da ƙwanji.

"Ƙanena, humrarku kwana nawa take yi kafin ta yi daɗi?"

Na ce wata guda.

"Ita ka ba ta wata. Maganina ka ba shi kwana biyu."

Ta sa na yi a gabanta. A fyace hanci tukuna, a girgiza kwalba, a sunkuyar da kai kaɗan kamar mai duban yatsun ƙafa. Hannun dama ya fesa wa ƙofar hagu, na hagu ya fesa wa ta dama, don bakin ya kalli gefen kunne, kada ya kalli guringuntsin tsakiya ya jawo haɓo. Sannan a ja numfashi a hankali. Ta ce duk abin da na ji ɗacinsa a maƙogwaro cikina na ba wa, ba hancina ba. Ta ce in nisanci hayaƙin kasko, in shanya katifa duk ranar da rana ta leƙo, a wanke bangon nan. Ta gargaɗe ni kwanakin farko za su fi muni saboda barin na danfo, kuma in an yi sati biyu babu canji in koma wa likita. Na tambaye ta ranar da ƙamshi zai dawo. Ta ce ba ta sani ba.

Kaka ba ta bar ni na huta ba. Washegari ta sa ni gaba har abatuwa, ta ce da bakina zan faɗa. Muka samu Alhaja a tsakiyar fatu tana ba yara umarni. Na faɗa mata komai, har ɗigo biyun da ba ta gani ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ba ta dube ni ba, ta dubi Kaka, ta ce Mama Turare a ba ta kwalbarta. Kaka ta kai hannu bakin zane, sannan ta tsaya. Tunda nake ban taɓa jin Kaka ta roƙi kowa ba sai ranar. Ta nemi kwana goma sha biyu. Alhaja ta ce Juma'a ta sama za ta zo, in hancin bai dawo ba akwai wata mai humra a Ketu.

Kowace safiya bayan na fesa, Kaka kan murje kanumfari ɗaya ta kara mini a hanci. Ba ta tambaya, fuskata take dubawa. Kwana uku na farko da baki nake numfashi kamar kifin da aka ajiye a faranti. Rana ta biyar na ji iska ta ɗan ratsa ƙofar hagu, ƙamshi babu. Ta shida tsoro ya kama ni, na ce bari in taimaka wa maganin, na fesa sau uku maimakon sau ɗaya, kuma cikin gaggawa na saita shi tsakiya. Da na fyace sai ga jini a hankici. Anti Ladi ta ce ƙari ba ya sa shi sauri, in koma yadda aka rubuta, in kuma na sake za ta haɗa ni da babana. Ta bakwai shiru. Ta takwas shiru. Kaka ta daina kirana ango, sai sunana na yanka, Bashir, wanda na kusa manta nawa ne.

Rana ta tara ina hanyar makaranta na tsallake kwatar bakin layinmu, sai wani abu ya doke ni. Na dawo da baya, na durƙusa. Wari ne, ruɓaɓɓe, na gaske. Na tsaya ina shaƙa ina dariya har mai shayi ya tambaya ko a kira babana.

Sauran ya dawo kaɗan-kaɗan, mai ƙarfi ya riga mai laushi. Ranar Alhamis muka sauke kwalabe. Ina sunsunawa ina faɗa, Kaka na ɗaura zare tana ja da ƙarfi kamar wuyana take ɗaurewa. In na yi biyar sai in fita in sha iska, don hancin na saurin gajiya. Guda huɗu ban tabbatar da su ba, ta ware su gefe, sai daga baya muka ɗaura musu nasu.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaja ta zo. Kaka ta kwance kwalbar. Da aka karkata ta a haske, abin da ke ciki bai wuce ɗigo biyu ba. Aka sa ɗaya a auduga. Wannan karon ya zo mini. Sandal ne a gaba, farce mai kyakkyawar suya, mahlab, kanumfari kaɗan, jan miski ba fari ba, ambar, da ɓawon lemu da aka turara. Ina faɗa Kaka na lanƙwasa yatsu, wani wurin ta ce ƙwarai, ta tuna. Amma can ƙasa akwai wani abu, mai ɗan sanyi, mai ɗan ɗaci. Ina kai masa hanci yana janyewa. Kafin in kama shi audugar ta sha iska.

Na ce saura abu ɗaya, kuma ban san ko zan gane shi ba ko da an ba ni ɗigon ƙarshe. Kaka ta ce wannan na mai shi ne, ba za a taɓa ba. Alhaja ta karɓi kwalbar ta riƙe a tafin hannu. Jirgi ya zo ya wuce, kwalabe suka gama kaɗawa. Sannan da kanta ta kifa ta a kan sabuwar auduga, ta jira har ɗigon ya sauko.

"Ga shi, ɗana. Ka yi a hankali."

Na yi a hankali. Na ji shi sarai, ya fi na farko fitowa. Na bi kwalaben shagon ɗaya bayan ɗaya a kaina, na bi buhunan itace, babu shi a ciki. Ko wani abu ne da aka daina kawowa, ko shekara talatin ce ta haife shi a cikin kwalbar, ko kuwa hancina ne bai gama dawowa ba. Da ina da ɗigo biyar ɗin nan, da na jira sati guda na sake gwadawa. Na ɗago na ce mata ban san shi ba.

Muka haɗa da bakwai ɗin da na gane. Kwana ashirin ta samu ta kwanta maimakon wata. Ana saura kwana biyu biki Alhaja ta zo, ta shafa a bayan hannu, ta jira, ta sunsuna. Ta ce wannan ƙanwar waccan humrar ce, ba ita ba ce. Ta karɓa, amarya ta shiga ɗaki da ita. Turaren wutar bikin kuwa a Ketu aka yi.

Har yau in ta haɗu da Kaka suna gaisawa da mutunci, amma ba ta sake sayen ko tsinke a wurinmu ba. An gyara kwanon ɗaki, ni kuma da hadari ya fara haɗuwa nake komawa feshi kowace safiya, yadda likita ya ce. Kwalbar Alhaja tana nan a ƙarshen kanta, ba ta tafi da ita ba. Ita kaɗai ce babu zare a wuyanta.